Minti Huɗun da Na Yanke

Tun ina yaro a Kano ake kirana mai ƙafar yawo, wasu kuma su ƙara da cewa bakina ma ya fi ƙafar. Ban taɓa musawa ba. Ni dai idan na yi minti goma a wuri ɗaya ba wanda nake yi wa magana, sai in ji jikina duk ya ishe ni. To sai ga shi Allah ya kawo ni Riyad ya dasa ni a kujerar direba, a garin da za ka yi awa guda a cunkoso kana kallon bayan mota ɗaya, kowa ya ɗage gilashi, kowa da sanyinsa. Shekara biyar na yi ina buga sitiyari da yatsu ina hira da kaina.

Kamfanin da ke riƙe da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, masu ɗaukar tallace-tallace ne da shirye-shiryen talabijin. Aikina in ɗauko wannan in kai wancan. A shekara ta shida aka ce mini an kawo wani Bature daga ƙasar Cek, ni zan riƙa ɗaukarsa kullum daga masaukinsa a Murabba zuwa wurin ɗaukar shiri. Na ce ƙasar me? Sai da na duba a waya na gano ta, can tsakiyar Turai, ko teku ba su da shi. Mu direbobi muka laƙaba masa Baceke, sunan kuma ya bi shi har ya tafi.

Dattijo ne dogo mai furfura, fuska kullum a murtuke kamar wanda aka tasa daga barci. Ranar farko ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni, abin da sauran Turawan ba sa yi. Muka shiga cunkoso. Na daure, na daure, na kasa. Na tattaro guntun Turancina na tambaye shi me ya zo yi ƙasar nan. Ashe shi ma a cike yake, mai tambaya kawai ya rasa.

Sana'arsa, in ji shi, irin shirin hirar nan ne da ake sawa a talabijin idan dare ya yi: mai gabatarwa a bayan tebur, baƙo a kujera mai laushi, 'yan kallo suna ta dariya, makaɗa a gefe. Daga Amurka abin ya fito. An ɗauko shi ne ya taya Larabawa su haɗa nasu, saboda ya taɓa shan irin wannan wahalar a ƙasarsu tun yana da ƙuruciya. Labarin wahalar nan shi ya ci mana makonni a mota, yau guntu gobe guntu, tsakanin wannan danja da waccan.

"Komai muka kwafo," in ji shi. "Har hoton dogayen gine-gine a bayan mai gabatarwa, alhali birninmu ba haka yake ba. Muka saya wa mutuminmu kwat mai tsada, muka ce ya riƙa murmushi. Muka kafa fitila, idan ta kama 'yan kallo su yi tafi. Ranar farko fitila ta kama, mutane suka harɗe hannu suna kallonta."

Na ce to me ya sa? Ya ce mutanensu sun yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gwamnatin da ke gaya musu lokacin tafi, saboda haka da suka samu kansu babu fitilar da ta isa ta ba su umarni. Kuma wai a wurinsu duk wanda ya cika murmushi ba dalili, to akwai abin da yake so ya sayar maka. Na kalli fuskarsa na ce lallai, kai kam ba ka da abin sayarwa. Ranar na fara jin dariyarsa, wata irin gajeriya ta hanci.

Ya ce sai da suka kusa rufe shirin sannan suka yi hankali. Suka cire fitilar. Suka bar katafaren ɗakin suka koma wani ɗan ƙaramin gidan wasan kwaikwayo inda gwiwar na baya ke taɓa bayan na gaba. Suka samo mai gabatarwa mai ƙunƙuni, wanda in ka gan shi za ka ce bashi ya zo karɓa. Baƙi kuma ba taurari kaɗai ba, har mai kiwon zuma da direban jirgin ƙasa suka riƙa gayyatowa. Ya ce Ba'amurke yana zuwa shirin ne ya nuna ya ci nasara, nasu kuwa yana zuwa ne ya ba da labarin yadda abu ya lalace masa, a nan jama'a suke sakin jiki. Kuma dole mai gabatarwa ya fi kowa shan dariya a ɗakin, in ya zama shi kaɗai ke cin mutane, to za su tsane shi. Na gyaɗa kai, na ce gaskiya ne. Wallahi da kunnena na ji wannan maganar, ba zan ce ban ji ba.

Wata rana muna tsaye a danja ya ce, "Tebur da kujera kowa zai iya saya. Abin nema shi ne, me mutanenku suke yi wa dariya idan babu baƙo a gidan?"

Tambayar nan ta hana ni sakat. Ina wanke mota tana raina, ina layin abinci tana raina, har a sahu sai in kama kaina ina tsara yadda zan zauna a bayan tebur, in yi a'uziyya in dawo. Mu Hausawa nawa ne a Riyad, direbobi da magina da masu gadi da ɗalibai, kowa da waya a hannu, kowa kewa ta ishe shi? Me zai hana ni? Bakin da ya ishi kowa tun ina yaro, ga ranarsa ta zo.

Amma na san matsalar. Mu ba a zaunar da babba a ƙasa yaro yana bisa, ba a katse shi, ba a tsokanarsa a gaban jama'a, shirin kuwa gaba ɗayansa tsokana ce. Kwana uku ina juya abin sannan na gane muna da ƙofa. Na yi wa Baceke bayanin wasan da ke tsakanin garuruwa da ƙabilu, Bakano da Bazazzagi, Bafulatani da Babarbare, yadda ko mutum ya haife ka kana iya kiransa bawanka, ka faɗa masa abin da wani ba zai iya ba, ba ya fushi, ramawa kawai yake yi. Baceke ya juyo gaba ɗaya a kujera. Ya ce abin da suka yi shekaru suna nema, mu a aljihu muke yawo da shi. Ya ce in samo abokin wasa, shi zai ɗaukar mini, kyauta, ranar hutunsa.

Ba sai na nema ba. Akwai wani Bazazzagi mai dako da baro a kasuwar Utaiƙa, yana ɗaukar wa masu sayayya kwalayen dabino da kayan miya zuwa mota. Ya girme ni da kusan shekara ashirin, gemunsa ya yi fari. Lokacin da zan taho ƙasar, kawuna ne ya ba ni lambarsa, shi ya tare ni, kuma a ɗakinsa na yi wata takwas. Kalmar farko da ya faɗa mini da ya ji ni Bakano ne ita ce, "Alhamdu lillahi, an ƙaro mini bawa." Tun daga ranar ba mu taɓa gaisawa kamar mutanen kirki ba. Kowace Juma'a bayan masallaci faranti ɗaya muke sa hannu, shinkafa da kaza, yana zagin Kano ina zagin Zariya, har a share farantin. A duk faɗin ƙasar nan ba ni da wanda ya kai shi, ko da yake da za a yanka ni ba zan faɗa a gabansa ba.

Da na kai masa maganar ya ce, "Ni a talabijin? Da wannan fuskar?"

Na ce, "Ba talabijin ba ce, Alhaji, waya ce kawai."

"Kai! Yau ni ne Alhaji? Jama'a ku riƙe aljihunku, Bakano ya yi ladabi."

Na bi shi sati biyu. Daga ƙarshe ya ce zai zo, ba don komai ba sai don kada a ce ya bar bawansa ya kunyata shi kaɗai.

Muka haɗa kai da wasu direbobi muka kama istiraha a bayan gari, irin gidan shaƙatawar nan da ake haya na yini. Ranar Juma'a ce bayan la'asar, rana tana ƙwallewa a waje. Na ce wa Baceke ai hirar dare ce, ya ce a ja labule kawai, su ma masu abin, da rana suke ɗauka. Mutum talatin suka zo, har da ɗalibai biyu na jami'a waɗanda na san sun zo ne su ga ko za a yi abin da bai dace ba. Saboda su aka fasa maganar kiɗa. Muka ɗora tebur a kan katako don ya ɗan yi tudu, na ari kwat, na zauna a bayansa.

Bazazzagi ya shigo da farar riga da hula, jama'a suka yi tafi ba wanda ya sa su. Gaisuwa kaɗai ta ci minti biyar, domin sai da ya bi kowa da ina gajiya, Baceke yana bayan kyamara ya dafe kai. Da ƙyar na zaunar da shi na ce ya ba mu labarin zuwansa ƙasar.

Ya gyara zama ya ce, "Satina na farko, kafil ɗina, Balaraben da ya kawo ni ƙasar, ya kira mu gidansa cin abinci. Aka kawo gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Na shanye na miƙa kofi, aka ƙara. Na shanye na miƙa, aka ƙara. Ashe su nan sai ka girgiza kofin ake gane ka ƙoshi. Ni wa ya gaya mini? Mu kuma a gidanmu an hore mu, abin da aka miƙo maka ba ka mayarwa. Ina kallon mai zubawa, yana kallona. Shi yana jira in girgiza, ni ina jira butar ta ƙare. Buta ta ƙare, sai na ga an shigo da wata."

Ɗaki ya ɗauka. Na ce, "To a kofi na nawa aka tsaya?"

"Wa ya ƙirga? Sai da hannuna ya fara karkarwa da kansa, kofin ya girgiza, mutumin ya ce alhamdu lillahi ya juya. Kwana uku idona bai rufu ba."

Har ɗaliban nan sai da suka sunkuyar da kai suna girgiza. Ni kuwa dariyar ta hau mini kai. Ban taɓa jin abu mai daɗi irinta ba, mutum talatin suna jiran abin da zai fito daga bakina. Na buga tebur na ce, "Jama'a kun ji Bazazzagi! Wai horon gida. Kwaɗayi dai! Ya ga na banza ya kasa ɗaga kai. Shekara ashirin ke nan gahawar nan ce take tura baro a Utaiƙa, ba shi ba." Aka sake fashewa. Na ji ban ƙoshi ba. Na ce, "Taso nan, bawana. Durƙusa ka gaida ubangidanka."

Ya dube ni da wani ɗan murmushi da na sani sarai. Ya tashi, ya tuɓe takalmi, ya zo gaban tebur ya durƙusa har ƙasa, ya dunƙule hannu ya ɗaga ya ce, "Ranka ya daɗe." Wasu har faɗowa suka yi daga kujera.

Bai tashi ba sai da dariyar ta lafa. Sannan ya miƙe a hankali, ya karkaɗe gwiwa, ya juya wa tebur baya ya fuskanci jama'a. Ya ce, "To na gaishe shi. Yanzu bari in gaya muku waye ubangidan."

Wayyo ni. Babu abin da ya bari. Ya faɗi yadda na sauka da jaka ɗaya da wando ɗaya, wandon kuma ya yage tun a sati na farko, na koma sa nasa wanda bai rufe mini idon sawu ba. Ya faɗi yadda na ɓace a unguwar Dira na tsaya gaban wani tela ɗan Pakistan ina hawaye ina ce masa Utaiƙa, Utaiƙa. Ya faɗi yadda aikin da aka kawo ni dominsa ya wargaje, na yi wata huɗu a zaune, shi yake raba biredinsa biyu, ni kuma in shige bargo ina kiran Umma, Umma, ina zaton ba ya ji. Har muryata ya kwaikwaya. Yadda yake faɗa kuwa, ni kaina dariya nake yi hawaye na zuba, ban san na wanne ne ba. Da ya gama ya ce, "Sauko daga teburin nan, ɗauki takalmina." Na sauko, na ɗora takalmansa a ka na zagaya ɗakin, shi kuma ya haye kujerata ya harɗe yana ba da umarni. Muka rungume juna a ƙarshe. Duka abin minti huɗu ne.

Washegari da hantsi na je masaukin Baceke don a tace shirin a kwamfutarsa. Ya ce hira da baƙo ɗaya ba ta wuce minti bakwai zuwa takwas, mu kuwa mun ninka haka. Shi ba ya jin Hausa ko kalma ɗaya, layin sauti yake kallo a ƙasan hoton, inda ya yi tudu ya san an yi dariya. Muka rage gaisuwar. Muka bar labarin gahawa. Ya nuna wurin durƙuson ya ce nan akwai tudu babba. Sai ya matsa gaba ya ce, "Amma nan ya fi. Me ya ce a nan?"

Na kalli kaina da takalmi a ka. A ɗakin jiya abin daɗi ne, amma a fuskar kwamfuta sai na ga wani abu dabam. Na tuna abokaina na Kano da nake tura wa hotuna a jikin motocin kamfani. Na tuna cewa wannan ne shirina na farko, a kansa za a san ni, kuma ban so a san ni a matsayin mai kuka a bargo. Ba wani dalili ba ne, girman kai ne tsagwaronsa. Na tashi na je taga, na dawo, na sake tashi. Na ce masa wannan ɓangaren maimaici ne, maganganun cikin gida ne, na waje ba za su gane ba.

Ya cire tabarau ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Da a ƙasarmu ne, da nan za mu fara shirin."

Na ce, "Nan ba ƙasarku ba ce. Ai kai ka ce kowa ya san mutanensa."

Ya ce, "Shirinka ne." Ya danna. Shirin ya ƙare a kan dattijo durƙushe da hannu a sama, ni kuma a bayan tebur ina ƙyaƙyata dariya.

Na saka shi da yamma. Kafin wayewar gari ya shiga duk wani zauren waya na Hausawan Saudiyya da na sani. Kwana uku ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Kowace danja sai na zaro waya, har na bayana su yi ta danna mini oda. A masallaci wani da ban sani ba ya riƙe hannuna ya ce ai kai ne. Na fara lissafa baƙi na gaba, na fara tunanin sunan shiri, har na tambayi Baceke inda ake samun kujera mai laushi ta hannu.

Rana ta huɗu maganganun da ake rubutawa a ƙasa suka canza. Abin ya tsallaka gida. Can kuwa ba wanda ya san mu, ba wanda ya san faranti ɗaya muke ci. Wani ma ya sake yanke shi ya bar durƙuson kaɗai, babu gahawa babu Bakano babu Bazazzagi, sai tsoho mai farin gemu a ƙasa gaban sa'an ɗan cikinsa. Wasu suna zagina, wannan bai dame ni sosai ba. Wasu kuwa shi suke wa, wai ga abin da neman abin duniya yake mayar da dattawanmu a ƙasar Larabawa, wai ko nawa aka ba shi.

Juma'a ta zo, na sayi shinkafa da kaza na je inda muka saba. Bai zo ba. Wani direba ɗan Maraɗi da suke ɗaki ɗaya shi ya gaya mini abin da ya faru. Babban ɗan Bazazzagi malamin makaranta ne a Zariya. Ya shiga aji, sai ɗalibai suka zube ƙasa gaba ɗaya suka ɗaga hannu suna ranka ya daɗe. Ya bar ajin ya kira ubansa yana kuka, namiji mai iyali. Ɗan Maraɗi ya ce tun daga ranar tsohon bai ci abin kirki ba, kuma bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Na kira shi nan take. Ya ɗauka. Na ce, "Bawana, ina ka shiga?"

Ya ce, "Lafiya lau, Malam. Ya aiki?"

Malam! Shekara shida bai taɓa kirana haka ba. Da zagina ya yi da na samu abin kamawa. Muka gaisa tsaf, ya ce yana da uzuri, ya kashe.

Na goge shirin daga inda na saka, amma ina amfani, ya riga ya shiga wayoyin da ban san adadinsu ba. Na gaya wa Baceke a mota. Bai ce ai na gaya maka ba. Da muka isa ya ce in ba shi wayata, ya zuba mini minti huɗun nan da muka yanke, ya ce, "Saka sauran. Amma ka fara tambayarsa. Wancan karon ba ka tambaye shi ba."

Sati biyu ina kewaya. Sau uku ina tuƙa mota har bakin kasuwar Utaiƙa in juyo. Abinci ba ya shiga, zama ba ya yiwuwa, kwanciya ma haka. Na yi wa wani ɗan Sudan masifa a gidan mai a kan abin da bai kai ya kawo ba, har yau ina jin kunyarsa. Ina tsoron in je ya ƙi kallona, ina kuma tsoron in je ya kalle ni.

Na huɗun na shiga. Da safe ne, kasuwa ta cika, ƙamshin dabino da na ganye ya gauraye. Na same shi a sunkuye yana ɗaure kwalaye a baro. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya. Na kai hannu zan kama masa baron, ya ce, "A'a, bar shi, za ka ɓata kayanka."

Na ce, "Alhaji, na yi laifi. Ni na sa aka yanke, ba Baturen ba. Ya ce a bari, na ƙi."

Ya ci gaba da ɗaurinsa. Sai da ya ja igiyar ya ƙulle sannan ya ɗago. Ya ce, "Na sani. Bature ina ya san abin da na faɗa?" Ya share gumi da gefen rawaninsa. "Ni na durƙusa ne don na san zan tashi. Kai kuma ka bar ni a ƙasa."

Na zaro waya na ce ga sauran nan, yau ɗin nan zan saka, kowa ya ga yadda ya rama, kowa ya gan ni da takalminsa a ka, har Zariya. Na miƙa masa. Ya karɓa ya nisanta ta da ido, ya kalla tun daga farko har ƙarshe a tsaye cikin hayaniya. Wurin telan nan na Dira na ga gefen bakinsa ya motsa, na ce shi ke nan an gama. Ya miƙo mini wayar.

Ya ce, "Kada ka saka."

"Haba Alhaji! Don Allah. Shi ne kaɗai zai wanke ka."

"Hajiyarka tana da rai, ko ba haka ba?"

Na ce tana nan.

"Wata huɗun nan da ka yi a zaune, kullum ka kira ta ina jinka. Aiki yana tafiya daidai, Umma, abinci har ya yi yawa, Umma. Har yau haka ta sani. Ni a ɗaki na faɗa, gaban mutum talatin da kowannensu ya yi irin kukan. Ban faɗa don ya je kunnenta ba." Ya kama hannun baron. "Ɗana namiji ne, zai shanye. Ita tsohuwa ce. Nawa ya riga ya fita, naka ya zauna inda yake."

Wani Balarabe ya ƙwala masa kira daga can bakin motoci, yalla ya hajj. Ya tura baron ya bi ta tsakanin mutane, ni kuma na tsaya da waya a hannu ina tare wa masu wucewa hanya, har wani ya ture ni gefe. Na so a ce ya tsine mini, da ya fi mini sauƙi a kan wannan.

Ban saka ba, kuma ban sake yin wani shirin ba. Mun ci gaba da haɗuwa a masallaci, mu gaisa da hannu biyu, ya tambayi aiki in tambayi kasuwa. Bayan wata biyar ya tattara ya koma Zariya gaba ɗaya. A bakin ɗan Maraɗi na ji, ranar kuma jirginsa ya kwana biyu da tashi.